Ranar da Kaka Ta Ƙi Wanke Mama

Ran Lahadin da ta wuce ana ruwa, ina zaune a falo ina tsince shinkafa, 'yata kuma tana kwance a ƙasa cikin littattafanta tana shirin jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya. Sai na ji ta faɗi wata kalmar Ingilishi da ƙarfi, tana tauna ta kamar mai cin kifi mai ƙaya: exanimation. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin ɗan Adam ya furta ta ba, ko 'yan Bamenda masu jin Ingilishi da ke ajinsu. Na ce to me take nufi? Ta duba wayarta ta karanta mini. Wai rashin rai ne, halin jikin da rai ya bari. Asalinta daga Latin ne, harshen mutanen Rum na dā, kuma guntaye biyu aka haɗa: na farkon yana nufin fita, na biyun numfashi, don da kalmar numfashi suke kiran rai. Ta ƙara da cewa likitocin can baya suna faɗinta a kan wanda ya mutu, suna kuma faɗinta a kan wanda ya yi kama da matacce alhali da sauran ransa.

Na ajiye tiren shinkafa na ce ta maimaita mini wannan na ƙarshen. Ta maimaita. Ƙamshin kafur ya cika mini hanci, alhali babu kafur a falon. Kalma ɗaya ga gawa da wanda ba gawa ba! Ni kuwa na san wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, wadda da ta ji wannan sai ta ce a kawo mata mai kalmar ta ja masa kunne, don ita aikinta na tsawon rai shi ne raba waɗannan biyun.

A New Bell ta birnin Douala aka haife ni, cikin unguwar Hausawa, a gidan katako mai rufin kwano wanda kakanmu ya kafa lokacin da ya zo fataucin goro daga Arewa ya ƙi komawa. In ba ka taɓa yin damina a Douala ba, to ka sani ruwanmu ba zuwa yake ya wuce ba, zama yake yi. Sai ya kwana uku yana dukan kwano har mutum ya manta yadda shiru yake. Kwatami ya cika ya malalo cikin lungu, mu shimfiɗa katakai muna takawa, rijiyar tsakar gida ta taso har baki ta koma kalar shayi da madara. Da ita muke wanki, da ita muke wanke-wanke, kuma ran da famfon unguwa ya ɗauke, kada in yi maka ƙarya, ita muke sha. Abin da hancina ya riƙe na yarinta ke nan: jiƙaƙƙen katako, hayaƙin masu tsire a bakin titi, da kafur daga ɗakin Kaka.

Kaka mahaifiyar Babanmu ce, guntuwa, baƙa, bakinta ja wur da goro, kuma ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Kayan aikinta na cikin wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonta: auduga, sabulu, kafur, reza, da ɗan turare. Tana da doka ɗaya da ta hana ta farin jini a wajen maza. Ba ta zuba wa kowa ruwa sai ta rufe ƙofa da taga, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma don kada iska ta shigo, ta yago auduga siririya ta ɗora a ƙofar hancin wadda aka ce ta rasu. Sannan ta zauna ta ja carbinta daga kai har ƙarshe sau uku, idonta na kan audugar. Mu kuwa ka san halinmu, ba ma son gawa ta daɗe a gida, balle a zafi da laimar Douala. Maza na kan tabarma a waje suna duba agogo suna gyaran murya, ita ko a jikinta. Wasu suna cewa tsufa ne, wasu suna cewa son a san da ita ne. Ba ta taɓa tanka wa kowa ba.

Ita da Mama kuwa ba sa ga maciji. Mama haifaffiyar Douala ce, ta yi makaranta, da Faransanci take yi mana faɗa, kuma ta iya miyar ndole, wadda Kaka ke kira ganyen wahala. Kullum akwai abin cewa: gishiri ya yi kaɗan, tuwo ya yi ruwa, yara ba su iya gaisuwa ba. Ban taɓa jin ta kira Mama da wani suna mai daɗi ba. Sai dai “uwar yaran nan”, in kuma ranta ya ɓaci, “waccan”.

Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin da abin da muke kira lakiriz, wato matsin tattalin arziki, ya kai mana iya wuya. Ofisoshi suna ta sallamar ma'aikata. Baffana, ƙanin Baba, shi ne ɗan bokon gidanmu, an sallame shi daga wani kamfani a bakin teku, amma bai daina ɗaura laktaye a wuya kowace safiya ba, sai ya zauna da shi a zaure yana karanta tsohuwar jarida. Daga nan aka shiga zamanin ville morte, wato mataccen gari. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba makaranta. Samari su tare hanyoyi da gungume da tsofaffin tayoyi su cinna wuta, baƙin hayaƙi ya haɗu da ruwan sama ya sauka a kan shanyar mutane. A irin wannan mako ne Baba ya haye gada zuwa wajen Sodiko ran Lahadi kai wasu kaya, aka rufe hanya a bayansa. Ba waya a lokacin, ba wanda za a aika.

Ran Talata da rana amai da gudawa suka kama Mama. Ciwon ya riga ya ɗauki mutum biyu a lungun bayanmu, don haka kowa ya san sunansa, ba dai mai son faɗi. Kafin hantsin Laraba ta daina magana. Idanunta sun faɗa ciki, yatsunta sun yamutse kamar na wadda ta wuni tana wanki, jikinta ya yi sanyi ƙalau. Baffa ya ruga ya kira wani maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin jinya da ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Ya kama wuyan hannunta, ya taɓa gefen wuyanta, ya dubi agogonsa na ɗan lokaci, sannan ya miƙe ya ce da Baffa a hankali, “Elle est partie.” Ta tafi. Mata suka ɗauki salati.

Daga nan komai ya tafi da gudu. Saboda irin ciwon, kowa na so a gama kafin azahar. Aka tura masu haƙa maƙabarta, aka yago likkafani, Liman ya iso, aka aro amalanken tura kaya, wanda mu muke kira pus-pus, don babu motar da za ta fito. Ni da ƙannena aka kai mu gidan maƙwabta aka ba mu kunu. Ban yi kuka ba. Haushi ne ya cika ni, haushin kowa, har da matar da ke shafa mini kai tana cewa in yi haƙuri. Ina nan zaune sai ga Kaka a bakin ƙofa da gwangwaninta a hammata.

“Ke, taso. Idona ya yi hazo, naki nake so.”

Matan suka ce haba Iya, yarinya ce, kuma uwarta ce. Ta ce ai shi ya sa, wa zai fi ta dubawa da kyau? Babu macen da ta yarda ta bi mu ciki, kowa na tsoron ɗaukar ciwon.

Ta rufe ƙofa, ta rufe taga, ta toshe ƙasa da tsumma. Haske ɗan kaɗan ne ke shigowa ta tsagar katako. Ta yago audugar, siririya har ana ganin tabarma ta cikinta, ta ɗora a ƙofar hancin Mama, ta ce in durƙusa in kawar da fuskata gefe kaɗan don kada numfashina ya taɓa ta. Ta fara jan carbi. Ina jin ƙarar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ina jin ruwa a kan kwano, ina jin maza a waje. Zagaye na farko ya ƙare, audugar na nan yadda aka ajiye ta. A tsakiyar na biyu Baffa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, “Inna, lokaci na tafiya.” Tsoro ya kama ni, na ga in na yi shiru za su ɗauke ta. Sai na ce, “Kaka, ta motsa.”

Ba ta ko ɗaga kai ba. “Ƙarya kike. Muryarki ta faɗa mini. Ba a ƙarya a ɗakin nan, ko don gawa ko don mai rai. Sake dubawa.”

A nan ne kukan ya zo mini, sai na danne shi da ƙarfi don hawaye na hana ni gani. Aka shiga zagaye na uku. Na zuba wa wani zare guda ido, wanda ya fita daga jikin audugar ya tsaya shi kaɗai. Can sai ya kwanta. Ya daɗe a kwance har na ce idona ne, sannan ya tashi. Na jira, na jira, ya sake kwantawa. Wannan karon hannun Kaka kawai na damƙe. Ta ajiye carbin, ta kawo fuskarta dab da ta Mama, ta tsaya haka kamar ba za ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta mayar da sabulu da kafur cikin gwangwani ta rufe.

Ta buɗe ƙofa ta tsaya a bakinta, guntuwar mace a gaban maza sun fi ashirin.

“Ba na wanke ta. Da ranta.”

Wurin ya rikice. Baffa ya zo kusa da ita yana magana ƙasa-ƙasa, kunya ta kama shi a gaban mutane. “Inna, don Allah. Infirmier, ma'aikacin jinyar nan, ya duba, c'est fini, an gama. An riga an haƙa kabari. Kada ki sa a ce mun ƙi yarda da ƙaddara.”

“Shi hannu ya taɓa, ni hanci na duba. Wanda ke gaggawa a cikinku ya shigo ya wanke ta da kansa.”

Ta san abin da take faɗi. Babu namijin da zai shiga ya wanke matar wani, babu macen da za ta taɓa mai wannan ciwon in ba ita ba, kuma ba a sallar gawa sai da wanka. Duk unguwar, da limaminta da 'yan bokonta, ta tsaya cak a kan hannun tsohuwa ɗaya. Wani dattijo ya ce wannan ai taurin kai ne, za a bar ciwo ya bazu a gida. Ta dube shi ta ce in ya ji tsoro ƙofar gida a buɗe take. Liman ne ya raba gardamar. Ya naɗe tabarmarsa ya ce in Iya ta ce ba ta yi wanka ba, to shi ba shi da sallar da zai yi, a nemi hanyar asibiti.

Amalanken da aka kawo don maƙabarta shi aka shimfiɗa wa katifa. Sai wata sabuwar magana ta taso. Samarin da ke tare hanya ba sa barin kowa ya wuce da abin hawa sai masu jana'iza, don mutane sun sha ɓoye kayan kasuwa a ƙarƙashin marar lafiyar ƙarya. Baffa, da ya riga ya sauko, ya ce to a lulluɓe ta da likkafanin, in an tambaya a ce gawa ce, su buɗe mana. Dabara ce mai kyau, har Liman bai ce a'a ba. Kaka ta karɓi farin ƙyallen daga hannunsa, ta ninke shi, ta jefa cikin ɗakinta. Ta kwance mayafinta na atamfa mai ja da ruwan ɗorawa ta rufa wa Mama, ta ɗora leda a kai saboda ruwa. Ta ce bakin da ya ƙi kiran ta gawa a cikin gida ba zai kira ta gawa a kan titi ba.

Muka fita, mai amalanken yana turawa, Baffa na ja ta gaba, ni da Kaka muna gefe. Ban taɓa ganin babban titinmu haka ba, shaguna a rufe, ba ko kare, sai toka da wayoyin tayar da ta ƙone. A mararraba muka iske su, samari da sanduna, idanunsu ja saboda hayaƙi. Babbansu ya tako ya dubi amalanken ya ce da Kaka cikin Pidgin, “Mami, na die?” Yana tambaya ko gawa ce. Na ga bakin Baffa ya buɗe. Kaka ta riga shi.

“No bi die. Na ma pikin. I nova die.”

Ba gawa ba ce, 'yata ce, ba ta mutu ba. Duk da halin da nake ciki sai da na juya na dube ta, don ban taɓa jin ta kira Mama 'yarta ba, sai ran nan, a bakin wuta, cikin harshen da ba namu ba. Saurayin ya ce doka doka ce, yau gawa kaɗai ke wucewa. Kaka ta gyara tsayuwa ta ce to shi ke nan, mu tsaya nan a gabansa har ta cika, sai ya buɗe mana da hujja. Amma kafin nan ya faɗa mata unguwar da uwarsa take, don ita da ƙafarta za ta je ta ba ta labarin ɗan da ta haifa. Ya dube ta, ya ɗaga gefen ledar ya ga fuskar Mama. Shi da kansa ya ja gungumen gefe, ya yi wa na mararraba ta gaba fito da hannu.

A asibiti an nemi jijiya a hannunta an rasa, sai a ƙafa aka samu. Aka yi ta ɗura mata ruwa, leda bayan leda. Baffa na zaune a ƙasan baranda, takalminsa ɗaya ya tafi a cikin laka, laktayen a aljihu, yana kuka kamar yaro. Bayan la'asar Mama ta buɗe ido. Baba kuwa sai ran Asabar ya samu hayewa, labarin rasuwa ya riga ya tarye shi a kan gada. Ya shigo gida yana karɓar gaisuwar mutanen da ke ƙoƙarin gaya masa ba haka ba ne. Kabarin da aka haƙa bai kwana biyu a buɗe ba, wani tsoho daga lungun bayanmu aka sa a ciki.

Kada ka ɗauka sun zama ƙawaye. Ran da Mama ta fara shiga kicin bayan ta warke, Kaka ta ɗanɗana miyar ta ce ashe ciwon bai gyara mata hannu ba. Mama ta yi dariya har ta riƙe bango.

Sai da na zama budurwa, na fara bin Kaka ina riƙe mata buta a wajen aiki, sannan ta gaya mini dalilin audugar, sau ɗaya tak, muna dawowa daga wani gida. Ta ce tana amarya, tana koyon aikin a hannun wata tsohuwa, suka wanke wata yarinya mai jego. Da ta ɗaga hannun yarinyar sai ta ji ɗumi a hammatarta. Maza na waje suna gaggawa, tsohuwar na gaba da ita, kunya ta hana ta magana. Aka ɗauka aka tafi. “Wataƙila zafin gari ne,” in ji ta. “Ban sani ba. Har gobe ban sani ba.”

Kaka ta yi shekaru bayan wannan kafin nata ajalin ya zo. Mama ce ta rufe ƙofa da taga, ta toshe ƙasa da tsumma, ta ɗora audugar. Ta ja carbi sau uku, ta zarce na huɗu, na biyar. Maza suna ta gyaran murya a waje, ta yi kamar ba ta ji. A na bakwai na dafa kafaɗarta. Da muka buɗe akwatin Kaka muka samu likkafanin nan na ran Laraba a ƙasa, a ninke, da kafur a tsakaninsa. Da ma ta sha faɗi cewa nata ne, kada a yago wani. Da yake an auna shi ne a tsawon Mama, sai da muka naɗe ragowar a wajen ƙafafu.

Yanzu muna zaune a unguwar Kotto, gidan siminti, ruwan famfo. New Bell ɗin ma ta canja, yawanci a asibiti ake cikawa, na'ura ce ke faɗi, likita ya sa hannu a takarda. Ban raina wannan ba, ga 'yata can tana shirin zama ɗaya daga cikinsu. Amma gwangwanin yana wajena, kuma in matan tsohuwar unguwa suka kira ni, ko takarda goma aka nuna mini sai na rufe ƙofa na yago auduga. Jikokin masu gyaran muryar nan su ne ke duba agogon waya a waje yanzu. Su duba.

'Yata ta tambaye ni ko ta haddace kalmar, don ba ta jin za a kawo ta a jarrabawa. Na ce ta haddace, musamman rabinta na ƙarshe. Ta koma kan littafinta, can kuma ta ɗago tana tsaki. Mama ce ke barcin rana a ɗakin da ke kusa da falo, munsharinta har ya fi ƙarar ruwan. Yarinyar ta tashi za ta ja ƙofar don ta samu ta yi karatu.

Na ce ta bar ta a buɗe.